Yadda Na Bi Salsalar Jikokina ta Wajen Uwa Cikin Littattafan Coci-cocin Turai

A gidanmu asali a baki yake. Duk wanda ya so sanin kakanninsa sai ya zauna gaban tsofaffin matan gida su jero masa sunaye, su gaya masa garin da aka taso da dalilin tasowar, kuma wannan ɓangaren na rubuta wa jikokina ba tare da wata wahala ba. Abin da ya ba ni aiki shi ne ɗaya ɓangaren, domin ɗana da ke zaune a Landan Baturiyar Ingila ya aura, kuma da na tambayi surukar tawa sunan kakan kakanta sai ta ce, "Baba, iyakar abin da na sani shi ne a gabashin Landan aka haifi kakata, kuma na sha jin ana cewa muna da jinin Faransawa." Ban ga dalilin da zai sa yaran su san rabin asalinsu su jahilci rabi ba, saboda haka muka yi shawara da ita cewa za mu bi sawun danginta a takarda, tun da a can a takarda ake ajiye asali. Takardun gwamnati sun raka mu har zuwa shekarar 1837, daga nan suka sake mu, kuma duk wani suna da muka samu na kafin wannan shekara daga hannun limaman coci ya fito.

Ƙa'idar aikin ita ce a fara daga mai rai a yi baya, kada a tsallake mutum ko guda. Mahaifiyar surukata ta kawo mana wani tsohon gwangwanin biskit cike da takardun shaidar haihuwa da na aure da na mutuwa, tare da wani Littafi Mai Tsarki na iyali wanda aka jera sunayen 'ya'ya a shafinsa na farko, kowane suna da irin tawadarsa. Da waɗannan muka kafa tsatso uku na farko. Daga nan muka koma ga babban ofishin rajista na Ingila da Wales, wanda ya fara rubuta haihuwa da aure da mutuwa tun ranar 1 ga Yuli, 1837. Ana duba jerin sunayen a intanet, idan an ga wanda ake nema sai a biya kuɗi a aiko da kwafin takardar. Takardar haihuwa tana da daraja ƙwarai, domin tana ɗauke da sana'ar uba da kuma sunan gidan da uwa ta fito kafin aure, wanda shi ne mabuɗin dangin mata a ƙasar da mace take sakin sunan gidansu ta ɗauki na miji. Takardar aure kuwa sunan uban ango da uban amarya kaɗai take bayarwa, kuma sai a watan Mayun 2021 aka fara sanya sunayen iyaye mata, abin da ya sa bin dangi ta wajen mata ya fi wuya ninkin ba ninkin. Akwai kuma yaran da suka kuɓuce wa rajistar a shekarun farko, domin sai a 1875 aka ɗora wa iyaye alhakin kai rahoton haihuwa da kansu.

Abokin tafiyar waɗannan takardu shi ne ƙidayar jama'a, wadda ake yi duk bayan shekara goma, ba a kuma buɗe sunayen da ke cikinta sai ta shekara ɗari. Ta 1921 ita ce mafi kusa da aka buɗe, a watan Janairun 2022. Ta 1931 gobara ta cinye ta a 1942, ta 1941 kuwa yaƙi ya hana a yi ta. Muna komawa baya shekara goma-goma har muka isa ƙidayar 1851, wadda masu wannan aiki suke ji da ita saboda ita ce ta farko da ta tambayi kowa ainihin garin da aka haife shi, alhali ta 1841 ta tsaya ga tambayar ko a cikin lardin aka haife shi, ta kuma rage shekarun manya zuwa adadin da ke rabuwa da biyar. A wani shafi na unguwar Bethnal Green muka tarar da mutanenmu cunkushe cikin gida ɗaya da wasu iyalai: maigida masaƙin siliki, matarsa mai naɗin zare, babbar 'yarsu ita ma ta shiga saƙa tun ba ta kai munzali ba, sannan wata tsohuwa da aka rubuta uwar maigida ce, an ce a Spitalfields aka haife ta. Shekara ashirin bayan haka babu masaƙi ko ɗaya a cikin 'ya'yan, wani ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, wani kafinta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin yarjejeniyar ciniki ta 1860 tsakanin Birtaniya da Faransa ta buɗe ƙofa ga silikin Faransa mai arha, ta durƙusar da masaƙan gabashin Landan.

An haifi wannan masaƙi kafin 1837, don haka babu takardar gwamnati da ta san da zuwansa duniya. Dole muka nufi ma'adanar tarihi ta birnin Landan da ke unguwar Clerkenwell, inda aka tattara littattafan yawancin coci-cocin birnin. Ana ajiye jaka a akwatin ajiya, ba a shiga da biro sai fensir, kuma galibi hoton shafin ake nuna wa mutum a kwamfuta don kada hannu ya ƙarasa tsohuwar takardar. Ya kamata in ambata a nan cewa sauƙin da ake samu yau wajen binciken irin waɗannan littattafai shi ma addini ne ya kawo shi. Cocin Mormon da ke da hedikwata a Salt Lake City ta Amurka ya kafa ƙungiyar binciken asali tun 1894, ya fara ɗaukar hotunan littattafan rajista a 1938, saboda aƙidar mabiyansa ta yin baftisma a madadin kakanninsu da suka mutu, kuma rumbunsu mai suna FamilySearch kyauta ne ga kowa, Musulmi da Kirista da wanda ba ya addini.

Abu na farko da mai bincike zai saba da shi shi ne littafin coci ba haihuwa yake rubutawa ba, baftisma yake rubutawa. Ba mutuwa yake rubutawa ba, jana'iza yake rubutawa. Limamin bai damu da ranar da jariri ya faɗo ba, ranar da ya shiga addini ita ce abin lissafi a wurinsa, shi ya sa ake iya samun yara uku 'yan gida ɗaya an yi musu baftisma rana guda, babba yana da shekara shida. Daga 1813 doka ta kawo littattafai bugaggu masu gurabe, inda ake cike sunan uba da uwa da unguwa da sana'a. Kafin wannan kuwa abin ya danganta ga halin limamin, wani ya rubuta layi biyu, wani ya tsaya ga sunan yaro da na ubansa kawai, ko sunan uwar babu. Aure ya ɗan fi tsari, saboda dokar da ta fara aiki a watan Maris na 1754 ta wajabta cewa duk wani aure a Ingila da Wales sai an ɗaura shi a cocin Angilika, wato cocin gwamnatin Ingila, a gaban shaidu, ango da amarya su sa hannu, ba a keɓe kowa ba sai Yahudawa da 'yan ɗariƙar Kwaka da gidan sarauta. A littafin cocin Christ Church na Spitalfields na ga auren iyayen masaƙin: angon ya sa hannu da rubutu mai kyau mai lanƙwasa, amaryar kuwa alamar gicciye ta yi, aka rubuta a gefe cewa wannan ita ce shaidarta. Amma wannan doka tana da tarko ga mai bincike, domin ganin aure a littafin Angilika ba ya nuna cewa ma'auratan 'yan Angilika ne, yana nuna cewa ba su da wata ƙofar.

Haka kuwa abin ya kasance. Da muka ƙara tsatso ɗaya zuwa tsakiyar ƙarni na 18 sai iyalin suka ɓace ɓat daga littattafan baftisma na Angilika, ba su a Spitalfields, ba su a Stepney, ba su a Shoreditch. Sunayen yanka ne suka nuna mana hanya. A cikin shaidun aure da sunayen 'ya'ya sai maimaita Abraham da Isaac da Jacob da Esther da Judith ake yi, sunayen Tsohon Alkawari waɗanda Furotestan Faransa, wato Kiristocin da suka ɓalle daga cocin Katolika, da ake kira Hugeno, suka fi so, saboda sun ƙi raɗa wa 'ya'yansu sunayen waliyyan Katolika. Idan aka haɗa wannan da sana'ar siliki da unguwar da kuma maganar jinin Faransawa da ta yi ta yawo a gidan, to littattafan cocin Faransawa na Landan ne abin dubawa.

Wannan coci ya samo asali daga iznin da Sarki Edward na Shida ya ba baƙi Furotesta a 1550, kuma mazauninsa ya daɗe a titin Threadneedle. Littattafansa na baftisma da aure, waɗanda suka fara daga 1600, suna ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kew, cikin littattafan ɗarikun da ba Angilika ba waɗanda gwamnati ta tattara bayan 1837, sannan ƙungiyar Hugeno ta Landan da aka kafa a 1885 ta kwafe su ta buga. Da Faransanci aka rubuta su, kuma sun fi na Angilika cika nesa ba kusa ba, domin suna kawo sunan gidan da uwa ta fito da sunayen iyayen baftisma, wato namiji da macen da suka tsaya wa jariri, waɗanda galibi kawu ne ko goggo ko kaka. Da sunayen waɗannan masu tsayawa muka rarrabe iyalai biyu masu suna iri ɗaya da ke zaune a unguwa ɗaya, suna kuma sana'a ɗaya, wanda in ba don haka ba da babu yadda za a yi a san ɗan wane ne wane.

A nan ne kuma kalanda ta shiga maganar. Mun ga aure a watan Afrilu, sannan muka ga baftismar ɗan fari a watan Fabrairu na shekarar da ke ɗauke da lamba ɗaya, har surukata ta yi dariya ta ce ashe an yi abin kunya a dangi. Ba a yi ba. Kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa, ranar da Kirista ke tunawa da busharar da mala'ika ya yi wa Maryamu, don haka Fabrairu a ƙarshen shekara yake zuwa, wata goma bayan Afrilu. Bugu da ƙari, gyaran kalandar da Fafaroma Gregory na Sha Uku ya yi a 1582 Faransa ta karɓe shi a shekarar, Ingila kuwa ta ƙi saboda daga Rum ya fito, ta zauna a kan tsohon lissafi har shekara 170, sai a 1752 ta sallama, aka kwana 2 ga Satumba aka wayi gari 14 ga wata. Ke nan wanda ya shiga kwalekwale daga gaɓar Faransa a 1685 ya tsallaka cikin kwana ɗaya, a takarda zai sauka Ingila kwana tara kafin ranar da ya tashi.

Littafin da ya fi taɓa ni ba na baftisma ba ne. Cocin Threadneedle ba ya karɓar baƙo haka kawai, sai ya kawo takardar shaida daga cocin da ya baro, ko wani sananne ya tsaya masa, kuma ana rubuta wannan a littafi na musamman, sau da yawa har da garin da mutum ya fito. Waɗanda suka zo bayan 1685 da yawansu ba su da wata takarda, domin an rushe majami'unsu, an kori fastocinsu, su kansu kuma an tilasta musu sa hannu cewa sun bar aƙidarsu. Irin waɗannan sai sun tsaya gaban jama'a sun furta nadamar wannan sa hannun kafin a mayar da su cikin jama'ar coci. A cikinsu muka sami kakan da ya ƙetaro, saurayi masaƙi, tare da wata 'yar'uwarsa, an rubuta cewa daga wani ƙauye suke a yankin Caux na Normandi da ke arewacin Faransa, kusa da Dieppe. Layi biyu ne kacal, babu ambaton iyaye, babu bayanin yadda suka tsallake teku, amma duk wanda ya san dokar lokacin ya san abin da suka saka rayukansu a ciki.

Tarihin a taƙaice shi ne Faransa ta sha yaƙin basasa na addini daga 1562 zuwa 1598, ciki har da kisan kiyashin da aka yi wa Furotesta a Paris a watan Agustan 1572, har Sarki Henry na Huɗu ya kashe wutar da dokar Nantes ta 1598, wadda ta ba su damar yin ibadarsu a wasu wurare. Jikansa Louis na Sha Huɗu ya ga cewa sarki ɗaya addini ɗaya ya kamace shi. Tun daga 1681 aka fara sauke sojojin doki a gidajen Furotesta, su ci su sha su farfasa kaya har sai maigida ya sallama, sannan a watan Oktoban 1685 aka soke dokar Nantes ɗungurungum. An ba fastoci kwana goma sha biyar su bar ƙasa, amma sauran mabiya an hana su fita, namijin da aka kama yana gudu a kai shi tuƙin jiragen yaƙin sarki, mace a kai ta kurkuku. Duk da haka kimanin mutum 200,000 suka sulale, wasu Holan, wasu Jamus, wasu Suwizalan, dubu arba'in zuwa hamsin kuma suka shiga Ingila, inda masaƙansu suka mayar da Spitalfields cibiyar siliki.

Wata Juma'a na je na ga unguwar da idona. Har yanzu akwai gidajen masaƙan, dogaye masu jan bulo, da faffaɗan tagogi a can saman bene inda ake kafa masaƙa don a sami haske. A kusurwar titin Fournier da Brick Lane akwai ginin da Hugeno suka gina a 1743 don ibadarsu, da agogon rana a jikin bangonsa. Da zuriyarsu ta narke cikin Ingilishi ginin ya koma hannun 'yan Methodist a 1819, a ƙarshen ƙarni na 19 ya zama wurin ibadar Yahudawan da suka gudo daga gabashin Turai, tun 1976 kuma masallaci ne na Musulmin da akasarinsu 'yan asalin Bangaladash ne. A nan na yi sallar Juma'a, cikin ginin da yake reshe ne na cocin da aka yi wa kakannin jikokina baftisma.

Tsallakawa Faransa a takarda ya fi sauƙi fiye da yadda na yi tsammani, domin kowane lardi yana da ma'adanar tarihinsa, kuma ta Seine-Maritime da ke Rouen ta sanya hotunan tsofaffin littattafai a intanet kyauta. Wahalar tana ga rubutun hannun ƙarni na 17, mai gajerce kalmomi da haɗe haruffa, wanda sai ido ya saba da hannun kowane limami daban. A littafin cocin Katolika na ƙauyen, a shafukan ƙarshen 1685, tsarin baftisma da jana'iza da aka saba ya tsaya, sai ga jerin sunaye masu yawa na mutanen da suka zo gaban limami suka yi watsi da abin da littafin ya kira ɓatacciyar aƙida. Sunan gidan da muke nema yana ciki, uba da uwa da 'ya'ya, biyu daga cikin 'ya'yan kuma sunayensu da shekarunsu sun dace da saurayin nan da 'yar'uwarsa. Hannun uban ya yi rawa a wurin sa hannu, ko don tsufa ko don wani abu, tawadar ta ɗige a ƙasan sunan. Waɗanda suka zauna a Faransa suka ci gaba da ibada a ɓoye sun shiga wani hali mai wuya, domin auren da ba limamin Katolika ya ɗaura ba doka ba ta san da shi ba, 'ya'yansa kuma shegu ne a idonta, ba su da gado, har sai da Louis na Sha Shida ya sassauta a 1787, kafin juyin juya hali ya karɓe rajista daga hannun coci ya miƙa wa hukumomin gari a watan Satumban 1792.

Littafin Furotesta na yankin ya ƙara mana tsatso biyu, daga nan sawu ya ɗauke a farkon ƙarni na 17. Ba mu kaɗai ba ne, kusan duk talakan Turai a wannan zamani ko ƙarnin da ya gabace shi salsalarsa take tsayawa, saboda a lokacin aka fara rubuta talaka. A Ingila Thomas Cromwell, babban ministan sarki, shi ne ya ba da umarni a 1538, shekara huɗu bayan Henry na Takwas ya ɓalle daga Rum ya naɗa kansa shugaban coci, cewa kowane limami ya rubuta aure da baftisma da jana'izar mako a kowace Lahadi, a ajiye littafin a akwati mai makulli biyu, kuma mutane da yawa sun ɗauka share fagen sabon haraji ne. A 1598 aka ce a kwafe tsofaffin takardun a kan fata, musamman daga hawan Sarauniya Elizabeth, shi ya sa littattafai da dama suka fara daga 1558. A Faransa dokar Villers-Cotterêts ta 1539 ta wajabta littafin baftisma, ta Blois ta 1579 ta ƙara aure da jana'iza, babban taron Katolika na Trent kuma ya ɗora wa duk limamansa aikin rubuta baftisma da aure a 1563. A ganina ba haɗuwar sa'a ba ce ta sa waɗannan shekaru suka zo daf da juna kuma daf da tawayen Martin Luther na 1517, wanda ya haifar da Furotesta. Muddin kowa addini ɗaya yake bi babu mai buƙatar lissafin mabiya, amma da coci ya dare gida biyu sai kowane sarki da kowane bishop ya so sanin wane ne nasa. Akwai littattafai ƙalilan da suka girme wannan zamani, kamar na garin Givry a Burgundi wanda ya rubuta mamatan annobar 1348, sai dai ba su taka kara sun karya ba.

Da takarda ta ƙare sai na koma tambayar yadda aka yi limamin ƙauye ya zama shi ne magatakardan rayuwar kowa, kuma amsar tana can baya da shekara dubu. Sarki Kwanstantin ya halatta Kiristanci a daular Rum a 313, Theodosius ya mai da shi addinin daula a 380, kuma da daular yamma ta faɗi a 476 bishop-bishop ne suka rage a birane da iya karatu da rubutu da tsarin gudanarwa. Sarakunan ƙabilun da suka gaji ƙasar sun ga amfanin jingina da su. Clovis sarkin Faranka ya karɓi baftisma a Reims wajen shekara ta 500, Fafaroma Gregory Babba ya aiki Augustine, wanda ya isa Kent da ke Ingila a 597, inda Sarki Ethelbert, wanda matarsa Bertha Kirista ce 'yar sarautar Faranka, ya karɓe shi. Inda lallashi bai ci ba an yi amfani da takobi, domin Charlemagne, wanda Fafaroma ya naɗa sarkin sarakuna a Rum ranar Kirsimetin shekara ta 800, ya shafe fiye da shekara talatin yana yaƙar Saksonawa, ya kafa musu dokar kisa ga wanda ya ƙi baftisma, da tara ga wanda bai kai jaririnsa ba cikin shekara guda. Shi ne kuma ya mayar da ushiri wajibi a 779, kuma ushirin ne ya shata iyakoki, tun da dole a san cocin da kowane manomi zai kai kashi ɗaya cikin goma na amfanin gonarsa. Zuwa wajen 1200 an raba yammacin Turai gunduma-gunduma, kowace da cocinta da maƙabartarta da limaminta, kuma sunayen irin waɗannan gundumomi su ne na yi ta bi a ƙidayar 1851. Hatta lissafin shekarun da nake rubutawa a nan wani ɗan zuhudu mai suna Dionysius ya ƙirƙiro shi a 525, Bede na arewacin Ingila ya yaɗa shi a ƙarni na 8.

Abin da ya fi shafar mai bin salsala a cikin wannan tarihi shi ne hannun da coci ya sa a sha'anin aure. Ya haramta auren zumunci har zuwa dangantaka ta bakwai, haramcin da ya yi faɗin da a ƙaramin ƙauye kusan babu wanda ya halatta ga wani, sai babban taron Lateran na 1215 ya rage shi zuwa ta huɗu, ya kuma wajabta a yi shelar aure a coci kafin ɗaurawa don mai ƙorafi ya fito. Tsayawa wa jariri a baftisma ma ana lissafa shi dangantaka ce mai hana aure, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa taron Trent ya ce a rubuta sunayen masu tsayawar, sunayen da suka warware mana rikicin iyalai biyun nan, ko da yake a littafin Furotesta muka same su. Masana da dama suna ganin wannan doguwar doka ta taimaka wajen sassauta igiyar dangi a yammacin Turai, ta bar mutum da matarsa da 'ya'yansa da cocin unguwarsu, kuma ni na karkata ga wannan ra'ayi, domin ya bayyana mini dalilin da ya sa mace mai ilimi kamar surukata ba ta san sunan kakan kakanta ba, ba ta kuma ga wani aibu a hakan ba.

Yayin da muke wannan aiki wani ɗan'uwan surukata ya turo mana wata salsala da ya samo a intanet, wadda ta ɗauki sunan gidan nasu ta liƙa shi ga wasu masu sarauta a Normandi, ta wuce ta kan Charlemagne, ta dire a kan Annabi Adamu. Irin wannan ɗinki tsohon abu ne. Sarakunan Ingilishi na farko suna kai asalinsu ga gunkinsu Woden, da suka karɓi Kiristanci kuma 'yan zuhudu ba su goge Woden ba, sai suka mai da shi mutum, suka ƙara masa kakanni har zuwa Nuhu da Adamu, kamar dai yadda gidajen sarauta da yawa a ƙasarmu suke kai asalinsu Gabas. Ta fuskar lissafi ma ba abin mamaki ba ne Bature ya zama jinin Charlemagne, tun da idan aka ninka iyaye biyu sau talatin za a haura biliyan ɗaya, adadin da ya fi mutanen Turai na wancan zamani nesa, ke nan kakannin kowa sun sha haɗuwa. Amma tsakanin masaƙin ƙauyen Caux da waɗancan masu sarauta babu takarda ko ɗaya, don haka na ce wa surukata, "'Yata, abin da muka gani da idonmu shi za mu rubuta," ita ma ta amince. A gaban kowane suna mun sa littafin da ya fito da shafinsa da ɗariƙar da ta rubuta shi, haɗin da ke tsakanin jerin 1685 da littafin Threadneedle kuma mun rubuta cewa dacewar suna da shekaru da gari ce hujjarsa. Abin da ya rage shi ne takardun masu rubuta yarjejeniya na Normandi da ke Rouen, inda ake samun yarjejeniyar aure da rabon gado da cinikin gona, da kuma wasiyyoyin masaƙan Landan, waɗanda su ma har zuwa Janairun 1858 kotunan coci ne suke tabbatar da su.